Sakudo, shindo da koban: me manoman Japan ke nufi da waɗannan kalmomin?

"Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗalibin aikin gona ne daga Kebbi, na samu gurbin horo kan noman shinkafa a Japan, yanzu haka ina yankin Ibaraki. A aji da turanci ake mana darasi amma in mun fita gona manoman da takardunsu duk Japananci ne, kullum sai naji sakudo, shindo, koban, sukidoko, shinko. Abinda yafi ɗaure min kai shine wani malami yace dole a fasa koban, washegari wani dattijon manomi yace kar a kuskura a taɓa sukidoko, da na duba ƙamus kuma sai naga kamar abu ɗaya ne. Dan Allah a warware min, sannan wannan zurfafa huɗar tasu zata yi mana amfani in na koma gida?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya bada sa'ar karatu ya dawo mana da kai lafiya. In na fahimce ka abu uku kake nema, ma'anar kalmomin, da dalilin da yasa malaminka da dattijon nan suka yi kamar sun saɓa, sai kuma ko abin zai zauna a fadamar Kebbi. Toh tun daga farko bari in kwantar maka da hankali, ba wanda yayi kuskure a cikinsu, ƙamus ɗinka ma bai yi ƙarya ba, wuri ɗaya suke nufi a cikin ƙasa, bambancin yana ga abinda za'a shuka a kansa. Amma ba zaka ga haka ba muddin kana haddace kalmomin ɗaya bayan ɗaya daga takarda, sai ka haƙa rami a gona ka tsaya a gabansa, don duk kalmomin nan sunayen abinda ke jikin bangon ramin ne daga sama zuwa ƙasa.

Abinda ke jikin bangon rami

Ka samu shebur ka nemi izinin mai gona bayan girbi, ka haƙa kamar santimita 50 zuwa 60, ka gyara bango ɗaya ya miƙe, sai ka ɗauki wuƙa kana tsokanar ƙasar daga sama kana gangarowa. Ta saman nan mai duhu mai laushi da saiwa ta cika ta, wadda garma ko injin huɗa ke juyawa duk shekara, ita ce sakudo (作土). Do ɗin ƙasa ne, harafin 土, wanda in yana tsaye shi kaɗai suke karanta shi tsuchi, saku kuma na nomawa ne. In kaji sakudoso an ƙara so (層) ne wato hawa ko shimfiɗa, in kaji sakudoshin zurfinta ake tambaya. Akwai kuma hyodo (表土), ƙasar sama kenan gaba ɗaya ko an taɓa nomata ko ba'a taɓa ba, ko a daji akwai hyodo amma babu sakudo sai inda garma ta shiga.

Kana gangarowa da wuƙar zaka zo inda zata cije, wani siririn hawa mai tauri da bai fi faɗin 'yan yatsu ba, in ka ɓanɓaro shi sai ya fito falle-falle a kwance maimakon ya marmashe, kuma in ka lura da kyau zaka ga saiwoyi da yawa sun zo kansa sun karkace sun bi gefe. Wannan shine abin rigimar taka, sukidoko (鋤床) ko koban (耕盤). Ƙasan shi kuma sai shindo (心土), ƙasar da garma bata kaiwa, launinta yafi haske, taki bai cika isa gareta ba, wasu takardun zasu rubuta kasodo (下層土) suna nufin duk abinda ke ƙarƙashin sakudo.

Abu ɗaya da zai rikita ka a kunne, shin ɗin dake cikin shindo daban yake da shin ɗin shinko. Na shindo harafin zuciya ne 心, na shinko (深耕) harafin zurfi ne 深, ko ɗin kuma huɗa, shinko kenan huɗa mai zurfi, kishiyarta senko huɗar sama-sama. Shi kuma koban ana jan o ɗin, kuma daidai yake a furuci da sunan ƙananan ofisoshin 'yan sanda dake bakin tasha, saboda haka a cikin gari in kace koban ofishin za'a nuna maka, a bakin manoma ne kawai yake nufin ƙasa.

A gonar shinkafa ka duba launi ma. In kaga ɗigo-ɗigon tsatsa ja a jikin shindo, alama ce iska tana shiga wani lokaci, ruwa na sauka. In kuwa ka tarar da ƙasa mai ruwan toka da ta ɗan yi shuɗi, mai danƙo, wani sa'in harda warin ruɓaɓɓen ƙwai, wannan gurai-so ce, ruwa ya kwanta a wurin shekara da shekaru ba iska. Gonar da irin wannan ke kusa da sama suna ce mata shitsuden, jiƙaƙƙiyar gona, wadda ke tsanewa bayan an janye ruwa kuma kanden.

Dalilin da dattijon yace kar a taɓa

Suki garma ce, doko kuma daɓe, toh ka ɗauke shi kamar daɓen ɗaki a ƙarƙashin taɓo. Gonar shinkafar Japan ana so ta riƙe ruwa watanni, shi yasa kafin dashe suke yin shirokaki, su cika fage da ruwa su dama taɓon har ya zama lumus, ƙananan ƙwayoyin laka su sauka su toshe ƙofofin ƙasa, tayar tarakta kuma na ƙara dannewa. Wannan daɓen shine ke hana ruwa zurarewa, shine ke hana takin da ka zuba bin ruwan ya tafi, kuma a kansa tayar injin dashe da injin girbi ke tsayawa. Ka fasa shi da garaje injin dashe zai nutse har ciki, layin dashen ya karkace, kuma gonar ta koma rosuiden, mai yoyo, kullum kana zuba ruwa kullum tana sha, a wuraren sanyi irin arewacin ƙasar kuwa ruwan da ake ta sabuntawa baya samun ɗumi, shinkafar sai ta tsaya cak. Inda gona ke yoyo ma da gangan suke danne ƙasan da injin, sunan aikin tokojime.

Amma ba so suke ya toshe ɗam ba, kuma nan ne nake ganin sun fi mu lura. Suna da ma'auni da ake kira gensuishin, wato yawan ruwan da ke raguwa a fage cikin kwana ɗaya. A ƙarƙashin dokarsu ta inganta ƙarfin ƙasar noma ta 1984, ma'aikatar gona ta sa mizanin da ake so gonar shinkafa ta kai, ruwa ya ragu kamar milimita 20 zuwa 30 a rana, sakudo ta kai santimita 15 ko fiye, taurin sukidoko kuma ya tsaya tsakanin 14 da 24 a ma'aunin Yamanaka. Ka lura da wannan na ƙarshen, an sa masa ƙasa an sa masa sama, in yayi laushi da yawa matsala in yayi tauri da yawa matsala. Ma'aunin Yamanaka ɗin wani ɗan ƙarfe ne mai tsini da sifirin a ciki, ana danna shi a kwance jikin bangon ramin a karanta lamba da milimita, tabbas akwai shi a cibiyarku, ka roƙa a baka ka gwada da hannunka a kowane hawa, daga ranar ba zaka sake manta sunayen ba.

Dalilin da malamin yace a fasa

Ina kyautata zaton malaminka yana maganar hatake ne, gonar tudu, ko kuma tenkanbata, fagen shinkafa da aka juya ana shuka wani abu. Tun farkon shekarun 1970 har 2018 gwamnatin Japan tana da tsarin rage noman shinkafa da ake kira gentan, saboda shinkafar tayi yawa cin ta na raguwa, sai manoma da yawa suka koma sa waken suya da alkama a fagagen shinkafa. Toh daɓen da ke riƙe wa shinkafa ruwa shine dai zai riƙe wa waken suya ruwa, shi kuma baya so, ana ruwan sama kwana biyu sai saiwa ta shaƙe ganye yayi ɗorawa, wannan cutarwar ta yawan danshi suna ce mata shitsugai. In kuma rani ya ɗan ja saiwar bata iya huda daɓen ta nemi danshin ƙasa ba. A gonar tudu mizaninsu sakudo santimita 25 ko fiye, taurin inda saiwa ke bi kar ya wuce 22. Galibi in suna maganarsa a matsayin matsala koban zaka ji, in suna maganar gonar shinkafa sukidoko zaka ji, duk da cewa ba doka bace, akwai manoman da ke haɗa su.

Babban mai haifar da koban a yau shine rotari, injin nan mai wuƙaƙe masu juyawa da kusan kowane manomi a can ke ja a bayan tarakta. Aikinsa yana da kyau a ido, wuce ɗaya ƙasa tayi laushi, amma zurfinsa baya wuce santimita goma da 'yan kai, kuma duk shekara a wuri ɗaya bakin wuƙar ke gogar ƙasa yana shafe ta, ga nauyin injina na ƙaruwa, manomi kuma yana sauri don gonakin da yake riƙewa sun yi yawa tunda tsofaffi na ajiye noma. A hankali sakudo na sirancewa daɓe na hawowa sama. Shi yasa zaka ji jami'an gona nata nanata shinko kamar sabon abu.

Alhali tsohuwar magana ce. Wani masanin ƙasa Bajamushe, Max Fesca, da yayi aiki a Japan daga 1882 zuwa 1894, cikin abubuwan da ya soki nomansu dasu akwai rashin zurfin huɗa da rashin magudanar ruwa. A wannan zamanin ne, na mulkin sarkinsu Meiji, aka yaɗa abinda suke kira kanden bako, a tsane gona a huɗe ta da doki, malaman garma daga Fukuoka suka riƙa zagaya ƙasar suna koyar da wata garma marar dogon gindi mai shiga ƙasa sosai, mutum ɗaya da sunansa ya fito a wannan aikin shine Hayashi Enri. Kafin nan a wurare da yawa da hannu ake yi, da wata fartanya mai haƙora uku ko huɗu, bicchu-guwa, har yau zaka ganta a shagon kayan gona.

Kalmomin aikin zurfafawa

Ba duk shiga ƙasa ne shinko iri ɗaya ba, kuma wannan rarrabewar ita ce abinda nafi so ka dawo da ita. Akwai shindo hasai (心土破砕), fasa ƙasan ba tare da an juyo ta sama ba, ana jan wani dogon ƙarfe da suke kira sabusoira yana tsaga ƙasa zurfin santimita 30 zuwa 60, sama na nan a sama ƙasa na nan a ƙasa, tsaga kawai aka yi don ruwa da saiwa su samu hanya. Sai an yi shi ƙasa na bushe, in da danshi ƙarfen yanka kawai zai yi ya wuce tsagar ta koma ta rufe, an ƙona mai a banza. Ɗan'uwansa shine dangan ankyo, an ɗaura wani dunƙulen ƙarfe mai siffar harsashi a gindin ƙarfen, yana tafiya yana barin rami kamar bututu a cikin laka. Ankyo magudanar ruwa ce ta ƙarƙashin ƙasa, ta gaskiyar bututu ake binnewa a rufe shi da ɓuntun shinkafa, momigara, meikyo kuma lambatu ne buɗaɗɗe. Ana jan tsagar ne ta gicciye bututun don ruwan ya samu inda zai faɗa, in babu mafita ka tara ruwa ne kawai a wuri mai zurfi.

Sai hantenko, huɗar kifewa da babbar garma, ta sama ta koma ƙasa. Mafi tsananinta shine tenchi gaeshi (天地返し), juya sama da ƙasa, a haƙa rami mai zurfi a zuba ƙasar sama a gindi a rufe da ta ƙasan. Masu lambu suna yi da hunturu don binne cuta da irin ciyawa. Amma tarihinsa yafi haka nauyi, lokacin da dutsen Fuji yayi aman wuta a 1707 toka da tsakuwa suka binne gonaki a gabashinsa, manoma da hannu suka riƙa haƙa dogayen ramuka suna tura tokar ciki suna fito da tsohuwar ƙasar noman sama, masu tonon tarihi sun gano sawun wannan aikin a garin Yamakita na Kanagawa, layi-layi a jikin ƙasa. Bayan haɗarin tashar nukiliya ta Fukushima a 2011 ma an koma ga wannan dabarar, tunda sinadarin siziyom ya maƙale a 'yan santimitocin sama, inda gurɓatar bata yi tsanani ba aka kife ƙasar da garma, inda tayi yawa aka kankare ta saman aka kwashe.

In an kankare ko ƙasar ta lalace sai kyakudo (客土), baƙuwar ƙasa, a ɗebo daga wani wuri a shimfiɗa. Da shi aka mayar da fadamun Ishikari na Hokkaido masu ruɓaɓɓiyar ciyawa gonakin shinkafa, da shi kuma aka gyara gonakin kogin Jinzu a Toyama da gubar kadmiyom daga ma'adinai ta lalata har ta jawo cutar itai-itai, aikin da aka fara a 1979 ba'a gama ba sai 2012, hekta 863. Akwai konsoko, cakuɗa hawa biyu ko uku, akwai kuma masu noman gobo, wata doguwar saiwa da suke ci, da doyar nagaimo a Aomori da Hokkaido da ke tsaga rami kusan mita ɗaya da injin haƙa rami da suke kira torencha a layin shuka kawai.

Haɗarin duk wani aiki da ke fito da shindo sama ɗaya ne, ƙasa ce marar taki. A Ibaraki inda kake ma abin yafi fitowa fili, gonakin tudun yankin Kanto da Ibaraki ke ciki yawancinsu kurobokudo ne, baƙar ƙasa mai laushi da ta samu daga tokar duwatsu masu aman wuta, ƙasanta kuma jar ƙasa ce mai kama sinadarin fosfaras ta riƙe gam, irin wanda muke samu a takin sufa, ka zuba taki shuka bata gani ba. Shi yasa shawarar da zaka ji a bakinsu ita ce a ƙara zurfin kaɗan-kaɗan, santimita 2 zuwa 3 a shekara, ana haɗawa da takin gargajiya, har sabuwar ƙasar ta zama sakudo. Wannan duka yana cikin abinda suke kira tsuchizukuri, gina ƙasa.

In ka koma Kebbi

Gaskiya ni a aikina na noman rani abinda nafi gani a fadamunmu ba yawan daɓe bane, rashinsa ne. Manomi a wajen Argungu ko Suru yana tayar da injin ban ruwa da fetur mai tsada, ya cika fage da safe kafin la'asar ƙasa ta shanye, ga yuriya ta bi ruwan. Irin wannan gonar in ka kawo mata sabusoira ka cuce shi. Abinda take buƙata shine a daidaita fage, a ɗaga kunya mai ƙarfi, a dama taɓo da kyau da ƙaramin injin hannu shekara bayan shekara har sukidoko ya samu. Ka kafa sanda mai alamar milimita a fage da yamma ka dawo gobe war haka ka karanta, gensuishin kenan, ba sai da wani kayan aiki ba, kuma lambar da zaka gani zata gaya maka inda kuɗin man ke tafiya.

A tudu kuma sai an bambance. Inda taraktar haya ke zuwa da haro duk shekara a zurfi ɗaya, musamman in an shiga ƙasa na jiƙe don mai tarakta na sauri, na sha haƙawa in tarar da koban sosai, ka tumɓuke masara kaga saiwarta ta baje kamar an danne ta da faranti, ruwa na kwanciya a kwarin kunya bayan ruwan sama kaɗan. Nan tsagawa zata yi amfani, a layin shuka kawai, kafin damina ta zauna. Amma a jigawa mai rairayi inda ake gero da wake, ɗan abin kirkin da ƙasar ke dashi yana saman nan ne, ka kife shi ka binne, iskar farkon damina kuma ta kwashe wadda ka fito da ita. Inda marmara ke kusa kuwa tsakuwa zaka fito da ita ka ɓata gonar gaba ɗaya. Kuma kar ka ɗauko kan-okoshi, huɗar tsakiyar hunturu da suke bari ƙanƙara ta farfasa hoge ta kashe ƙwari, mu bamu da wannan sanyin, zafin ranarmu cinye ɗan takin ƙasar zai yi in ka barta a buɗe.

Iyakata a nan ita ce ban ga gonarka ba, fadamar Kebbi kuma ba iri ɗaya bace, wata laka ce mai tsagewa da rani wata rairayi ne a ƙasan taɓo, wata kuma kanwa ta fara fito mata, ita wannan ta ƙarshen maganarta daban ce don tana buƙatar ruwa ya ratsa ya wanke gishirin, sai an kai ƙasar ɗakin gwaji kafin a yanke shawara. Lambobin da na kawo maka ma na ƙasarsu ne da injinansu, ka riƙe su a matsayin abin kwatance. Sannan kalmomin nan na takarda ne da jami'an gona, tsofaffin manoma suna da nasu na yankinsu, in dattijon nan ya faɗi wata da bata cikin waɗannan ka roƙe shi ya nuna maka ita a jikin ramin, ka tambaye shi "sakudo wa nan senchi desu ka", wato sakudon gonarsa santimita nawa ce, ka rubuta amsar tare da irin injin da yake huɗa dashi da abinda ya shuka a fagen bara.